Ma'aikacin Lafiya Da Jarrabawar Shiga Karatun Likita

A ƙasar Daura, tun daga Baure har Mai'aduwa, akwai ma'aikatan ɗakunan shan magani waɗanda suka sauke karatu a Makarantar Koyon Aikin Lafiya ta Daura, amma har yau ransu yana kan zama likita. Ƙofar da aka fi bi ita ce jarrabawar hukumar JAMB, wadda aka kafa cikin 1978.

Fannoni huɗu ake tambaya, watau Turanci da Bayoloji da Kemistiri da Fizis, maki 400 gaba ɗaya, kuma tun 2015 da kwamfuta ake amsawa. Ma'aikacin da ya yini yana allura da ɗaurin miki ba ya shakkar Bayoloji. Fizis ne yake kayar da shi, domin lissafi ne da ya rabu da shi tun sakandare. Ba shi da lokacin bita sai bayan sallar Asuba, kafin marasa lafiya su yi layi, alhali kuwa abokan takararsa yara ne da ba su da aikin komai sai littafi.

Amma fa cin jarrabawa ba shi ne ƙarshen wahala ba. A Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, kamar sauran jami'o'in ƙasar nan, karatun likita shekara 6 ne, kuma ba a haɗa shi da aiki. Saboda haka wajibi ne mai iyali ya nemi izinin hutun ƙaro ilmi tun kafin ya sayi fom. In an hana shi, sai ya zaɓi ɗaya: albashi ko aji.