Tuak: Giyar 'Yan Iban Da Yadda Ake Ce Mata A'a

Duk wanda ya tashi a ƙasar waje ya san wannan yanayi: an miƙo maka kofi, idanu sun dawo kanka, kai kuma ba ka sha. To, a jihar Sarawak ta Malesiya, can tsibirin Borniyo, akwai mutanen da tuntuni al'adarsu ta tanadar wa irinmu mafita. Su ne Iban, ƙabilar da ta fi kowace yawa a jihar.

Giyarsu sunanta tuak. Da shinkafa mai danƙo ake yin ta: a dafa, ta huce, a barbaɗa mata yis ɗinsu da ake kira ragi, a rufe a tulu, daga baya a ƙara ruwan sukari a bar ta ta yi makonni. Galibi mata ke haɗawa, kowace da irin hannunta.

Babbar ranar tuak ita ce Gawai Dayak, bikin girbin shinkafa da ake yi a hukumance kowace 1 ga Yuni tun 1965. A ƙauye, Iban na zama ne a dogon gida guda, iyalai da dama ɗaki na bin ɗaki, da doguwar barandar da ta haɗa su. A nan ake taruwa daren 31 ga Mayu. Sha biyun dare na cika, sai tuai rumah, wato shugaban gidan, ya ja kowa a ɗaga kofin ai pengayu, "ruwan tsawon rai", ana yi wa juna fatan lafiya. Tun kafin nan an yi miring, hadayar abinci da tuak ga alloli da kakanni. Yawancin Iban Kiristoci ne yanzu, amma gidaje da yawa ba su bar wannan ba.

Baƙo fa? Kowace ƙofa ya bi, kofi na jiransa. Kuma suna da wani camfi da suke kira puni: wanda aka ba ci ko sha ya tafi bai ko taɓa ba, tsautsayi na iya bin sa, ko saran maciji ko faɗuwa a hanya. Shi ya sa nacinsu har da tsoron kada wani abu ya same ka. Maganin kuwa? Ka taɓa kofin da yatsa, ka yi godiya, shi ke nan. Ba ka sha ba, ba ka kuma ci fuskar mai gida ba.

Ba wai komai lafiya lau ba ne. Akwai langkau, wadda ake tacewa da wuta, ta fi tuak ƙarfi nesa ba kusa ba, ga araha, kuma ita ba ta jiran biki. Wasu majami'u ma hana mabiyansu sha suke yi gaba ɗaya.

Saboda haka, ɗan'uwa, in karatu ya kai ka Kucing, babban birnin jihar, aka gayyace ka Gawai, kada ka noƙe. Je ka, ka kalli rawar ngajat, ka taɓa kofi, ka nemi shayi.