Abin da Muke Ci da Sha da Dare: Yana Kawo Barci ko Yana Korarsa?

Kowace safiya mukan gai da juna da "Ina kwana?" a kuma amsa "Lafiya lau." Amma a zaman da muke yi da ƙungiyoyin mata da na manoma a Talata Mafara da Bakura da Maradun, in hira ta yi nisa sai gaskiya ta fito. Wannan ta ce sai asuba idonta ke rufewa, wancan ya ce yakan farka tsakar dare ya yi ta juyi har gari ya waye. Tambayar da aka fi yi mana ita ce: "Me zan sha in sami barci?" Amsarmu a taƙaice: kafin mu nemi abin da za mu ƙara sha, mu fara duba abin da ya kamata mu rage.

Babban mutum yana bukatar barcin awa 7 ko fiye a kowane dare, yaro ɗan shekara 6 zuwa 12 kuwa awa 9 zuwa 12. Wanda ya daɗe ba ya samun haka yakan zama mai saurin fushi da mantuwa, hawan jini da ciwon suga kuma sun fi saurin kama shi. Direban da ke bin hanyar Gusau zuwa Sakkwato yana gyangyaɗi kuwa, ransa da na fasinjojinsa yake wasa da su.

Masu korar barci

Tun daga safiya wani sinadari mai suna adenosin yake taruwa a ƙwaƙwalwarmu. Yawansa ne ke sa mu ji nauyin ido da dare. Kafeyin, wato sinadarin da ke cikin goro da ganyen shayi da kofi, yakan toshe wurin da adenosin ke aiki. Gajiyar tana nan, jin ta ne kawai ya ɓace.

Kafeyin ba ya barin jiki da wuri. Bayan kamar awa 5 rabinsa yana nan cikin jini, a jikin mai ciki kuwa yakan fi haka daɗewa. Ke nan goron da muka ci bayan la'asar yana nan yana aiki a lokacin kwanciya. Wani bincike da aka buga a Amurka a 2013 ya nuna cewa miligiram 400 na kafeyin, ko da an sha shi awa 6 kafin kwanciya, ya rage wa mutane barci fiye da awa ɗaya. Kofi ɗaya na baƙin shayi yana ɗauke da kamar miligiram 40 zuwa 50. Idan aka haɗa shi da Nescafe a teburin mai shayi, aka bi da goro, aka ƙara da ataya zagaye uku a majalisa, lissafin ya yi nisa. Lemon kwalba irin su Coca-Cola, da lemon ƙara kuzari da samari ke sha, da wasu ƙwayoyin ciwon kai da ciwon jiki, duk akwai kafeyin a cikinsu. Taba ma tana hana barci.

Ba mu ce a bar goro ko shayi ba. A mai da su na safe da hantsi, daga azahar a dakata. Wanda ya saba da su ƙwarai ya rage kaɗan kaɗan, gama barinsu farat ɗaya yakan kawo ciwon kai na 'yan kwanaki.

Abu na biyu shi ne cika ciki dab da kwanciya. Malmalar tuwo da miya mai yawan mai da barkono, ko tsire mai yaji da ƙarfe goma na dare, sukan taso da ƙwannafi da zarar an miƙe a shimfiɗa. Ya fi kyau a ci tuwon dare awa 2 ko 3 kafin a kwanta.

Ɗan abin taɓawa

Yunwa ma tana hana barci, musamman ga yara da masu ciki da masu shayarwa, da wanda ya yini yana ban ruwa a fadamun Bakolori. Irin waɗannan, ɗan abu mara nauyi kamar awa ɗaya kafin kwanciya yana taimako, kuma ba sai an je kanti ba:

- Rabin kofi na kunun gero ko kunun gyaɗa mai ɗumi, ba tare da cika suga ba.
- Madara mai ɗumi ko ɗan kindirmo. Madarar shanu a tafasa ta tukuna, domin ɗanyarta tana iya ɗauke da ƙwayoyin cuta, har da na tarin fuka.
- Ayaba ɗaya, ko ɗan dafaffen dankalin Hausa.
- Gyaɗa ko riɗi cikin tafin hannu. Gyaɗar da ta yi funfuna a zubar da ita, gama tana da dafin da ke lahanta hanta.
- Dabino 2 ko 3.

Madara da gyaɗa da riɗi suna da sinadarin tiriftofan, wanda jiki ke sarrafawa ya zama melatonin, mai gaya wa jiki cewa dare ya yi. Sai dai abin da ke cikin kofi ɗaya kaɗan ne, ba zai kwantar da mutum kamar ƙwaya ba. Babban amfaninsu shi ne ciki ya natsu, jiki kuma ya saba cewa bayan wannan kofin sai shimfiɗa. Shi ya sa da yawa cikinmu ke cewa fura da nono na sa su barci. Mai ciwon suga ya tambayi ma'aikacin lafiya kafin ya mai da kunu ko fura ko dabino abincinsa na dare. Jaririn da bai cika shekara ɗaya ba kuma kada a ba shi zuma.

Shayin da ba ya hana barci

Ga wanda bakinsa ya saba da abu mai zafi da dare, akwai madadi marasa kafeyin.

Ciyawar nan mai ƙamshin lemon tsami da ake sa wa a shayi tana fita ko'ina in ta sami ruwa, ko a bakin rijiya ko a bayan ɗaki. A wanke ganye 2 ko 3, a zuba musu tafasasshen ruwa, a rufe na minti 5 zuwa 10. Na'a-na'a ma haka ake yi mata, tana kuma rage kumburin ciki, amma mai fama da ƙwannafi ya bar ta, domin tana iya ƙara masa. Citta kaɗan tana maganin tashin zuciya. In ta yi yawa sai ta yi zafi a ƙirji. Babunaj, wani fure da ake samu a shagunan magungunan gargajiya, shi masu bincike suka fi gwadawa, sun kuma ga yana ɗan kyautata barci ga wasu mutane. Zoɓo ba shi da kafeyin, yana ma ɗan sauko da hawan jini, amma yana sa fitsari, saboda haka a sha shi da rana. Mai ciki da mai shan maganin hawan jini su nemi shawara kafin su yawaita shi.

Kofi ɗaya ya isa, kuma kada a jefa masa ganyen Lipton, in ba haka ba an koma gidan jiya.

Abin da za mu guje wa

Wasu sukan je kemis su sayi ƙwayar barci irin su Valium ba tare da takardar likita ba, wasu kuma maganin tari mai kodin. Jiki yakan saba da su da sauri, har mutum ya kasa barci sai da su. Saboda ɓarnar da kodin ya yi wa matasa ne gwamnatin tarayya ta hana yin maganin tari mai ɗauke da shi da shigo da shi a 2018. Haka nan jiƙon da ake talla a kasuwa wanda ba a san abin da ke cikinsa ba. Kada kuma a ɗura wa yaro maganin mura don kawai ya yi shiru ya kwanta.

In shayi bai isa ba

Mun sani ba goro kaɗai ke hana mutanenmu barci ba. Akwai zafin bazara na Maris zuwa Mayu. Akwai sauron da ke haihuwa a hanyoyin ruwan da suka taso daga madatsar Bakolori tun da aka gama ta a 1978. Maganinsa gidan sauro mai magani, kowane dare. Akwai kuma abin da ya fi waɗannan nauyi: iyalai da yawa a ƙananan hukumomin nan uku sun ga harin 'yan bindiga, wasu sun bar ƙauyukansu, wasu sun rasa nasu. Wanda ƙaramin motsi ke firgita shi da dare, ko yake ta mafarkin abin da ya gani, ba rago ba ne, ba kuma ganye ne zai warkar da shi ba. Yana bukatar wanda zai zauna ya saurare shi, da taimakon ma'aikacin lafiya.

A je asibiti idan rashin barci ya wuce wata ɗaya, ko mutum yana minshari mai ƙarfi har numfashinsa na tsayawa, ko yana tashi fitsari sau da yawa tare da ƙishirwa, ko baƙin ciki ya hana shi ci da aiki.

Muna roƙon kowane gida ya gwada wannan na mako biyu: goro da shayi su tsaya daga azahar, a ci tuwo da wuri, a ajiye waya, a kwanta a tashi a lokaci ɗaya kullum. Shugabannin ƙungiyoyi su karanta wa waɗanda ba su iya karatu ba, a zama na gaba kuma mu ji yadda aka kwana. Lafiya uwar jiki. Allah ya tashe mu lafiya.