Fitila Ta Kama, Amma Na'urar Ba Lafiya

Duk lokacin da wayar kwastoma ta ƙone a teburin mai gyara, a zangon Sokode ko a kasuwar Dapaong, amsar da ake ba shi ɗaya ce: wutar CEET ce, kamfanin lantarkin Togo. Kamfanin ba waliyyi ba ne, duk wanda ya sha ɗauke-ɗauken wutar 2024 ya sani. Amma sau da yawa mai laifin yana nan zaune bisa teburin, wato tsohuwar alimantasiyo, na'urar da ke karɓar wutar gida ta rage ta daidai da abin da waya ko rediyo ke sha.

Tsofaffin cikinsu kayan hannu ne da ke sauka a tashar jiragen ruwa ta Lome, su biyo babbar hanya zuwa arewa. Akwai Philips, akwai Metrix, akwai Hewlett-Packard, kuma ƙira ce mai kyau a zamaninta. Yadda ake sayensu ne ke ba ni haushi. Mai saye ya ɗaga ya ji nauyi, a jona, jar fitila ta kama, allura ta nuna bolt 12, sai ya ƙirga kuɗi.

Wannan ba gwaji ba ne. Jaki ma a kasuwa tsaye yake ƙyam, sai an ɗora masa buhu ake ganin ɗingishinsa. A cikin na'urar akwai manyan kondansa masu ruwan sinadari, su ke daidaita wutar da ta fito daga taransifoma. Ruwan nan bushewa yake da shekaru, kuma ƙa'idar masu ƙera su ita ce duk ƙarin zafi na digiri 10 yana raba rayuwarsu biyu. A tuna zafin Dapaong a watan Maris, ga ƙurar hunturu da ta toshe ramukan shan iska. Busasshiyar kondansa tana iya nuna lamba daidai muddin ba abin da ke jan wuta. Da an jona kaya sai wutar ta faɗi, ta riƙa rawa, rediyo ya kama gurnani. Saboda haka ka tafi da kwan birkin mota mai wat 21 a aljihu. Yana jan kusan amfiya 2, ka jona shi, ka sa mitarka ta hannu, ka bar shi ya ɗan daɗe. Allurar jikin na'urar ba abar yarda ba ce, ita ma ta tsufa.

Kafin a kai ga haka, juya bayan na'urar. Togo na kan bolt 220, Amurka 120, Japan 100. In makunnin zaɓi yana kan 110, ka jona ta haka, taransifoma ta tafi. Ciro fis ɗin ka duba, domin wanda aka naɗe da zaren waya shaida ce cewa wani ya riga ka ganin matsala ya rufe ta. Kunnawar farko kuwa a bi da ita ta cikin kwan fitila irin na da, mai wat 60. In ya haska ya dushe, da sauƙi. In ya tsaya da haske tar, akwai haɗuwar waya a ciki.

Mafi muni shi ne tiransistan da ke riƙe wutar, sau da yawa 2N3055, wanda ke manne da ƙarfen sanyaya a baya. In ya lalace ya haɗe, duk wutar da ke bayansa, mai iya haura bolt 30, za ta kwarara cikin wayar da batirinta bai kai bolt 5 ba. Murɗa makunnin ƙara da rage wuta ka gani ko wutar tana hawa da sauka. Kuma ko an zare fulogi, manyan kondansa na riƙe da caji, sai an sauke shi ta kwan fitila kafin a sa hannu.

Yarjejeniyar Bamako ta 1991 ta hana shigo da shara mai haɗari cikin Afirka, amma matacciyar na'ura tana wucewa salin-alin da sunan kayan hannu. Ba takardar gwaji a jikinta, ba garanti, dillali kuma ba ya mai da kuɗi.