Abin da ke sa muryar mawaƙi ta makara a situdiyo, da yadda ake rage shi

Sau da yawa mawaƙi kan tsaya gaban makirufo ya rera baiti, sai ya ji muryarsa ta dawo masa kunne a makare, tamkar wani na kwaikwayonsa daga baya. Nan take murya ta saɓa da kiɗa, a yi ta maimaita ɗauka, kuɗin situdiyo da man janareta na tafiya. Galibi mawaƙin ake ɗora wa laifi, alhali jinkirin daga kwamfuta yake.

Kwamfuta ba ta sarrafa sauti nan take. Yanka shi take yi gutsi-gutsi, misali gutsure 48,000 a kowane sakan, ta tara a wata ma'ajiya da ake kira bafa, sai ta cika sannan ta yi aiki a kai. Ana auna jiran da milisakan, wato kashi ɗaya cikin dubu na sakan. Bafa mai gutsure 1,024 na cin milisakan 21 kafin ta cika, mai 128 kuwa ba ta kai uku ba. Kuma sau biyu ake jiran, wajen shiga da wajen fita. Sauti kan yi tafiyar mita ɗaya a iska cikin kusan milisakan uku, don haka jinkirin milisakan 42 daidai yake da mutum ya jiyo muryarsa daga nisan mita 14.

Lambar da manhaja irin su Cubase ko FL Studio ke nunawa ba kullum take faɗin gaskiya duka ba, domin akan samu jinkirin da na'urar sauti ba ta sanar da ita. Awon da ya fi inganci shi ne a haɗa mafitar na'urar da mashigarta da waya, a saki ƙara guda gajeriya, a naɗe ta, sannan a duba tazarar da ke tsakanin ta asali da wadda ta dawo.

Lokacin ɗaukar murya a rage bafa zuwa 128, a kashe kayan ƙawata sauti masu nauyi. In aka ji ƙas-ƙas, kwamfutar ta gaza ke nan, sai a koma 256. Mai amfani da Windows ya zaɓi direban ASIO na na'urarsa, tsarin da kamfanin Steinberg na Jamus ya ƙirƙiro. Na'urori da yawa ma na da maɓallin da ke tura murya kunne kai tsaye ba tare da ta bi ta kwamfuta ba. Abin sauraro na Bluetooth kuwa a ajiye shi gefe, don jinkirinsa kan haura milisakan 100.

Idan an zo haɗa sauti, a mayar da bafa 1,024, tunda a lokacin ba wanda ke rerawa.