Shaidar Bawon Halittun Ruwa Game da Yanayin Zamanin Da: Bayani Domin Malaman Ƙasar Batsari da Safana

Lissafin ruwan sama da aka riƙa rubutawa a ƙasar Katsina bai wuce shekara ɗari da 'yan kai ba. Abin da dattawa ke iya tunawa kuma, kamar yunwar 1913 zuwa 1914, da farin 1972 zuwa 1974, da na 1983 zuwa 1984, shi ma bai yi nisa ƙwarai ba. Saboda haka in ɗalibi ya tambayi malaminsa ko irin wannan fari sabon abu ne, ko kuwa ƙasar ta taɓa ganin wanda ya fi shi, littafin ma'aunin ruwa ba zai wadatar da amsa ba. Sai an nemi shaida a wani wuri. Ɗaya daga cikin shaidun da masana ilmin ƙasa suka dogara da su shi ne bawon ƙananan halittun ruwa, musamman wata halitta ta teku da ake kira barakiyofod.

Siffar Halittar

Barakiyofod ta yi kama da ƙumba, watau wannan halitta ta gulbi mai murfi biyu wadda ake kankarar abu da bawonta, amma ba danginta ba ce. Murafan ƙumba na dama ne da na hagu, girmansu ɗaya. Na barakiyofod kuwa na sama ne da na ƙasa, ɗaya ya fi ɗaya, kuma yawancinsu suna kafe a gindin teku da wata jijiya mai kama da igiya. Sun bayyana fiye da shekara miliyan 500 da suka wuce, suka cika tekunan duniya, har zuwa babbar halakar da ta auku wajen shekara miliyan 252 da suka wuce, wadda ta shafe mafi yawansu. Waɗanda suka rage a yau iri ne wajen 400 kawai.

Abin da ya sa masana suka fifita su shi ne yawancinsu suna gina bawonsu da wani irin alli mai ƙarko, wanda ba ya saurin narkewa ko canzawa bayan an binne shi. Ga su kuma da yawa cikin duwatsu na zamanai dabam-dabam, ga 'yan uwansu masu rai waɗanda za a iya auna su a gwada.

Yadda Bawo Yake Riƙe Labarin Ruwa

Halittar tana ɗebo kayan ginin bawonta ne daga ruwan da take ciki, a cikin kayan nan kuwa akwai oksijin. Shi oksijin ba nauyi ɗaya gare shi ba. Akwai marar nauyi mai lamba 16, wanda shi ne kusan duka, da mai nauyi mai lamba 18, wanda bai wuce ƙwaya ɗaya cikin 500 ba. In ruwa ya yi sanyi, mai nauyin yakan ƙara shiga bawo. In ya yi ɗumi sai ya ragu. Bambancin ƙanƙane ne ƙwarai, gama sai sanyi ya ƙaru da kamar digiri 4 kafin mai nauyin ya ƙaru da kashi ɗaya bisa dubu na yawansa, amma na'ura tana iya gane shi.

Harold Urey na Jami'ar Shikago a Amurka shi ne ya bayyana wannan ƙa'ida a 1947. A 1951 shi da abokan aikinsa suka gwada ta a kan ƙashin wata tsohuwar halittar teku da aka samo a tsibirin Skye na Sikotilan, suka bi layin girmanta har suka rarrabe lokacin sanyi da na zafi a 'yan shekarun da ta rayu. A 1961 Heinz Lowenstam ya auna bawon barakiyofod masu rai, ya nuna lissafinsu ya yi daidai da ruwan da aka kamo su ciki. A 1999 kuma Ján Veizer da jama'arsa suka buga sakamakon awon bawo dubbai, wanda ya ratsa fiye da shekara miliyan 500.

Wuraren Kuskure

Wannan shaida tana da sharuɗɗa biyu. Na farko, sai bawon ya kasance bai gurɓata ba. Ruwan ƙarƙashin ƙasa yakan ratsa dutse ya sauya allin, ya zuba masa baƙin ƙarfe da manganis, ya kwashe wani sinadari da ake kira sitironshiyom. Don haka akan yanka bawon a duba zarensa da madubin ƙara girma, a auna waɗannan sinadarai, a yar da duk wanda ya canza. Akan kuma kankare ɓawon waje a yi aiki da na ciki, domin shi ya fi bin halin ruwa.

Na biyu, ba zafi kaɗai ke motsa lissafin ba. Sa'ad da rana ta ɗebi tururi daga teku, marar nauyi ya fi saurin tashi. In tururin ya zuba ya daskare ya zama ƙanƙara a kan tudu bai komo ba, sai teku ta rage da mai nauyi. Ke nan yawan mai nauyi a bawo yana iya nufin sanyin ruwa, yana iya nufin tarin ƙanƙara, yana iya nufin duka biyu. Sai a 2006 aka fito da wata hanya a Kalifoniya, wadda ke auna yawan haɗuwar kabon mai nauyi da oksijin mai nauyi wuri ɗaya, abin da zafi kaɗai ke hukuntawa.

Misali mafi kusa da ƙasar Hausa shi ne na ƙarshen zamanin Odobishiyan, wajen shekara miliyan 445 da suka wuce. A lokacin nan yankin da yake Sahara a yau yana kusa da ƙuryar kudu ta duniya, ƙanƙara ta lulluɓe shi, har yanzu kuwa ana ganin karcen da ta bari a duwatsun kudancin Aljeriya da na Jado a arewa maso gabashin Nijar. Bawon barakiyofod da sauran halittu na tsibirin Antikosti a Kanada, waɗanda suka rayu a teku mai ɗumi a zamanin, sun nuna a binciken da aka buga a 2011 cewa ruwan can ya huce da kamar digiri 5. Dutsen Sahara da bawon Kanada suka ba da labari ɗaya.

Halin Batsari da Safana

Wanda ya tafi neman barakiyofod a duwatsun Batsari, ko na Runka da gefen Dajin Rugu, zai komo hannu wofi. Duwatsun nan na tushen ƙasa ne. Waɗansu narkakku ne da suka daskare can ƙarƙashi wajen shekara miliyan 600 da suka wuce, waɗansu kuma sun girme su, zafi da danniya sun toya su. Sun riga halittu masu bawo zuwa duniya, ko da kuwa akwai wata alama a cikinsu da wuta ta cinye ta. Shaidar yanayi da ke ƙasar ita ce rairayin da ke bisa duwatsun. A 1958 A. T. Grove ya bayyana cewa tuddan yashi na arewacin ƙasar Hausa tsofaffin tuddan hamada ne da iska ta tara a wani zamanin fari, daga baya ciyawa ta kafe su.

Bawon teku sai an nufi yamma, ƙasar Sakkwato. A can wani hannun teku ya taɓa ratso Sahara sau da dama tsakanin shekara miliyan 70 da miliyan 55 da suka wuce. Farin dutsen Kalambaina, wanda ake yin siminti da shi, cike yake da ƙumba da katantanwa na teku, a ƙasar Goronyo kuma an tono ƙasusuwan wani babban ƙadangaren ruwa wanda aka sa wa sunan garin. Amma a zamanin nan barakiyofod sun riga sun ƙaranta.

Amsar tambayar fari kuwa daga gabas ta fito. A tafkin Kajemarum na ƙasar Manga, cikin Jihar Yobe, an haƙo lakar gindin ruwa, aka tsince bawon wata 'yar halitta dangin jatan lande, wadda ba ta kai ƙwayar gero ba, aka auna ta bisa wannan ƙa'ida. A tafkin da ba shi da mafita, in damina ta gaza ruwa yakan ƙafe, gishiri da oksijin mai nauyi su ƙaru, bawo kuwa ya riƙe alamar. Sakamakon da F. A. Street-Perrott da J. A. Holmes da abokansu suka buga a 2000 ya ratsa shekara 5,500. Ya nuna damina ta ragu tun wajen shekara 4,100 da suka wuce ba ta komo yadda take ba, kuma daga wajen shekara 1,500 da suka wuce aka shiga yin fari mai daɗewa shekaru gommai, wani ma har ƙarni. Ashe farin da ya soma a 1968 ba shi ne na fari ba.

Abin da Malami Zai Riƙe

Tsakanin Kajemarum da Batsari akwai tafiyar wajen kilomita 400, don haka ba daidai ba ne a ɗauki lissafin can a ɗora wa nan shekara da shekara. Amma iskar damina ɗaya ce ke shayar da su, kuma tuddan yashi sun goyi bayan bawo. Abin da ya tabbata shi ne ƙasar ta taɓa jure fari wanda ya fi tsawon ran mutum, tun ba ta ɗauke da jama'a da dabbobi kamar na yau. Duk shirin rijiya, ko madatsar ruwa, ko tsaron daji, wanda aka gina bisa lissafin shekara ɗari kaɗai, ya rage kimanta haɗarin.

A aji ba a bukatar na'ura kafin a kafa tushen darasin. Malami ya sa yara su kawo ƙumba daga rafi da tsakuwa daga dutsen gari, su ƙirga layukan girma a bayan ƙumbar, sa'an nan a ɗiga ruwan lemun tsami a kan kowanne. Ƙumba za ta yi 'yar kumfa, tsakuwa ba za ta yi ba. Daga nan yaro zai gane cewa ɗaya ginin halitta ne daga ruwa, ɗaya kuwa ginin wuta ne, ya kuma san wanne ne ya cancanci a tambaya labarin damina.