Ƙasar da Ke Saukowa Daga Sama

Ɗebi ƙasar gona a tafin hannunka. Kusan rabin abin da ka ɗebo 'yan kafofi ne da iska da ruwa suka cika. Sauran garin dutse ne, wato rairayi da turɓaya da yumɓu, sai ɗan ruɓaɓɓen ganye da kashin dabbobi, wanda a jigawar ƙasar Hausa sau da yawa bai kai kashi 1 cikin 100 ba. Yadda rana da ruwa da saiwoyi ke farfasa dutse ya zama gari, kowa ya karanta a firamare. A dai riƙe cewa samuwar ƙasa mai kaurin yatsa guda kan ci ɗaruruwan shekaru. Jan da ke jikin jar ƙasa kuwa tsatsa ce, ƙarfen cikin dutsen ne ya sha ruwa da iska.

Ni abin da ya fi ɗaukar hankalina shi ne ƙasar da iska ke kawo mana. Da hunturu ya kama sai ka ji ana cewa yashin hamada ya taso. Haba! Yashi da nauyinsa, ina zai yi tafiyar kilomita 1,000 a sama? Kaso mai yawa na hazon nan daga kwarin Bodele yake tasowa, a arewacin Chadi, wajen garin Faya. Shekaru kamar 7,000 da suka wuce wurin yana ƙarƙashin ruwa, zamanin da Tafkin Chadi ya yi girman teku. Da ruwan ya janye sai ya bar farin gari, ɓawon wasu ƙananan halittun ruwa da ido ba ya gani. Iskar da ke kurɗowa tsakanin duwatsun Tibesti da na Ennedi ke kwasarsa, ta yayyafa shi a gonakin Damagaram da Katsina da Kano, ɗauke da wasu daga sinadaran da muke sayowa a buhun takin zamani. Wani ma ƙetare tekun Atlantika yake yi, ya sauka a dajin Amazon na Birazil.

Ashe ƙurar da ke cika mana hanci, ta hana jirgi sauka, taki ne kyauta. Kakata takan share ta daga tsakar gida tana tsaki, a zuba a juji, kafin ruwan farko kuma jaki ya kwashe jujin ya kai gona.