Teburin Maƙeri a Kasuwar Atlanta

Duk shekara a watan Yuni, wani makeken zaure da aka daɗe ana kira Cobb Galleria a gefen birnin Atlanta, jihar Jojiya ta Amurka, yakan cika maƙil da wuƙaƙe har kwana uku. Sunan kasuwar Blade Show. Manyan kamfanoni na da rumfunansu masu walwalin fitilu, amma hankalina ya fi karkata ga tsakiyar zauren, inda ƙananan tebura suka jeru layi-layi. Kowane tebur an shimfiɗa masa ƙyalle, bisa ƙyallen wuƙa shida ko takwas, wani ma uku kacal. Wanda ya ƙera su da hannunsa na zaune a baya, sau da yawa matarsa na gefe da littafin oda. Aikin watanni ke nan a maƙerarsa ta bayan gida, ya kwaso shi cikin jaka ɗaya.

Kasuwar na da ladubbanta. Ba ka ɗaukar wuƙa sai ka nemi izini. Ba ka shafa ruwanta da yatsa, don gumin hannu na sa wa irin wannan ƙarfe tsatsa, shi ya sa kana ajiyewa mai ita zai ɗauka ya goge da tsumma. Kuɗin wuƙa ɗaya yakan tashi daga 'yan ɗaruruwan dala zuwa dubbai, kuma mai saye yakan daɗe yana juya ta. Yana duba ƙotar, ta itace ce ko ta ƙaho, yana duba ko akwai 'yar kafa tsakanin ƙota da ƙarfe, ya zura ta cikin kube ya ji yadda ta zauna.

Duk wannan ido ke gani. Abin da ke sa wuƙa ta zama wuƙa kuwa yana ɓoye cikin ƙarfen. Bayan an gama dukan siffa, maƙeri zai mayar da ita wuta har zafi ya kai wajen digiri 800, ya ɗan wuce inda maganaɗisu ke daina kama ta, sannan ya tsoma ta cikin mai nan take. Ta fito da tauri kamar gilashi, da saurin fashewa kamar gilashi. Sai ya sake gasa ta a sassauƙan zafi, kusan digiri 200, yawanci sau biyu, don ta sami juriya. In ya bari zafin farko ya zarce, ko ya yi gaggawar gashin ƙarshe, wuƙar za ta fito tana sheƙi daidai da 'yar'uwarta. Sai ranar da maharbi ya kai ta kan ƙashi kaifin ya ɓantare, alhali maƙerin na can wata jiha mai nisan kilomita dubu.

Saboda wannan ne ƙananan haruffan da ke gindin ruwan wuƙa suke da nauyi. Kusa da sunan maƙeri wani lokaci za ka ga JS (ƙwararren maƙeri) ko MS (babban gwani), alamar ƙungiyar maƙeran wuƙa ta Amurka, ABS, wadda Bill Moran da abokansa suka kafa a 1976. Ba a samun tambarin da baki. Mai nema zai je maƙerar wani gwani da wuƙar gwaji, ya sare igiya mai kaurin inci ɗaya tana reto da sara guda, ya datse katakon gini sau biyu, sannan da wannan kaifin, ba tare da ya wasa ba, ya aske gashin hannunsa. Daga nan a matse tsinin wuƙar a kan teburin aiki, ya lanƙwasa ta har digiri 90, kada ta rabu biyu. Wuƙar ta tashi daga aiki ke nan, ya lalata ta da hannunsa don a ga cikinta. Mai neman MS sai ya yi duk wannan da ƙarfen da aka ninka aƙalla falle 300, irin mai zanen ruwa da ake jingina wa Dimashƙa, wanda Moran ya fito da shi a bainar jama'a a 1973. Bayan haka kuma ya jera wuƙa biyar gaban alƙalai, kuma a nan Atlanta ake wannan zama.

Sai dai tambari shaidar iya aiki ne kurum. Bai ce komai ba a kan alkawari, kuma nan ne rigimar sana'ar take.

Yawancin wuƙaƙen nan oda ake bayarwa. Maƙerin da sunansa ya fita yakan tara odar shekara biyu ko uku, gidan Randall na Orlando, wanda Bo Randall ya fara a 1938, an san shi da layin jira na shekaru, kuma tun ranar farko ake gaya maka. Mai saye ba ya ƙin jira in an faɗa masa gaskiya. Abin da ke kashe maƙeri shi ne kafin alƙalami. Ya karɓi rabin kuɗi daga mutum talatin, ya sayi injin gugar ƙarfe, ya biya haya, kuɗin ya narke. Yanzu kowace safiya aikin da zai yi an riga an cinye ladarsa, ga sabon mai saye da kuɗi a hannu, sai ya tsallake na farko ya yi na ƙarshe. Daga nan waya ta fara shiga ba a ɗauka. Ban ɗauki yawancinsu ɓarayi ba, mutane ne da suka iya wuta da masaba amma ba su iya cewa a'a ba. Duk da haka wanda aka riƙe wa kuɗi shekara uku bai ci laifin kowa ba.

Na san zafin abin a ƙaramin ma'auni. Wata shekara na ba wani maƙeri a garinmu kuɗin wuƙar yanka saura mako uku Babbar Sallah, ya nuna mini sifirin motar da zai sara ya yi ta da shi. Ranar jajibere na same shi yana zuga wuta kan aikin wani. Da aron wuƙar maƙwabci na yi layya. Wuƙar ta zo daga baya, tana da kyau, har yau tana ci, amma ban sake komawa ba.

Shi ya sa da yawa daga cikin tsofaffin hannu a Atlanta ba sa karɓar ko sisi sai aiki ya kammala, in ban da oda mai tsadar kaya ko wadda aka zana wa sunan mai ita. Wasu sun rufe littafin oda baki ɗaya. Abin da suka gama shi suke kawowa, in masu so sun yi yawa a rubuta sunaye a jefa cikin akwati a yi ƙuri'a. Ƙungiyar Knifemakers' Guild, da aka kafa a 1970, ta sa gaskiya a ciniki cikin manufofinta tun farko, kuma tambayar da ake yi a bakin tebur ita ce wane ɓangare ka yi da kanka. Ba laifi ba ne ka sayi ƙarfen Dimashƙa wajen wani, ko inji mai kwamfuta ya yanka maka siffa, ko baduku ya ɗinka kuben. Laifin shi ne ka yi shiru har mai saye ya ji daga bakin wani, kuma a zauren da kowa ya san hannun kowa, zai ji.

Akwai kuma masu zuwa ba don saye ba. Mutum ya tsaya gaban tebur, ya ciro tsohuwar wuƙa daga jaka, ƙotarta ta ɗan saki, tsinin ya karye wajen wani aikin da ba nata ba. Maƙerin ya karɓa, ya karkata ta wajen haske, ya ga sunansa a gindi. Ya tambayi shekarar da ya yi ta, ya rubuta adireshin mai ita a takarda, ya naɗe wuƙar da tsumma, ya sa ta cikin jakar da zai koma gida da ita.